Na'ura Ba Ta da Matakin Albashi

Jiya na sake saɓa babbar riga na tafi sabunta katin shaidata. Tun hantsi nake kan layi, rana ta gasa mini ƙeya, sai da na iso bakin taga ma'aikacin ya dube ni ya ce babu netwok. Ya faɗe ta kamar mai sanar da rasuwar wanda ya daɗe yana jinya.

To ni ina da hanya. Ƙanwar matata ce injiniyar netwok ta ginin nan gaba ɗaya. Yarinyar da a gabana ta yi karatun, tana kwana da littafi tana tashi da waya. Ranar da ta samu aikin, surukata har guɗa ta yi, ko da yake har gobe ta ɗauka gyaran salula 'yarta ke yi.

Na gangara ƙasan bene na same ta a wani ɗan ɗaki, ƙofa a wangale. Na'urori jere cikin durowar ƙarfe, wayoyi kamar saƙar gizo, zafi kuwa sai ka ce gidan burodi. Fankar ɗakinta ta gida na gani tana juyawa a gabansu, ita kuma gumi ya jiƙa mata ɗankwali. A bango akwai ramuka biyu.

"Yaya, ka zo ganin majinyata?" in ji ta.

Ta ba ni labari. Wai Mai Girma Babban Shugaba, Allah ya ƙara masa tumbi, ya fito zagayen gani da ido, ya leƙo ɗakin, sanyi ya buge shi. Ya tambayi ofishin wane ne. Aka ce ba na kowa ba ne, na'urori ne a ciki. Ya ce a faɗa masa matakin albashinsu. Aka ce ba su da shi. Ya ce ashe ƙarfe mara mataki yana shan esi biyu, alhali mataimakinsa na can yana fifita da fayil? Ƙanwar matata ta yi bayanin cewa in suka yi zafi kashe kansu suke yi. Ya ce wannan shagwaɓa ce, su ma su koyi haƙuri kamar sauran ma'aikata.

Kafin azahar an cire esin. Kafin la'asar netwok ya bi su.

Ku yi adalci, jama'a, hukuma ba ta yi barci ba. Ta ba Injiniya takardar tuhuma kan sakaci da aiki. Ta kafa kwamiti, kwamiti ya haifi ƙaramin kwamiti, ƙaramin ya hau jirgi ya je ƙetare ya ga yadda netwok ke yi a garuruwan da ake ƙanƙara. Suka dawo da akwatuna da shawara: matsalar daga ɗabi'ar injiniya ce, a tura ta bita. Laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwa.

Da na koma gida na faɗa wa maƙwabcina tela, wanda ɗansa ke mafarkin wannan karatu. Ya ajiye almakashi ya tambaye ni ko Mai Girma shi ba ya amfani da netwok ɗin. Na ce yana yi mana. Ranar da hoton 'ya'yansa da ke karatu a waje ya daskare suna tsakar hira ta bidiyo, nan take aka kira Injiniya, aka sa ta ja masa layi na musamman daga wani kamfani, shi kaɗai. Har ya yaba mata, ya ce ashe in ta so tana iyawa. Takardar tuhumar dai tana nan ba a janye ba, kuma ƙarin girmanta na bana ya bi ruwa.

Dama kafin in bar ɗakin na'urorin na tambayi Injiniya me ya hana ta ajiye aikin, tunda kamfanoni na zawarcinta. Ta dubi layin tsofaffi ta taga.

"In na tafi, wa zai ɗauko fankarsa daga gida?"

Ban iya yi mata tsiyar da na saba ba.

Katina fa? Ta ce in riƙa duba sama. Duk ranar da hadari ya haɗu, gari ya yi sanyi, na'urorin kan farfaɗo na ɗan lokaci, in sheƙo a guje kafin rana ta buɗe. Kakanninmu sun roƙi ruwa don gero ya yi. Ni jikansu ga ni nan ina roƙonsa don a ɗauki hotona.