Wayar Surukata Ta Fi Ni Tarbiyya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Ma'aunin Kirki, mai idon da ba ya gyangyaɗi, wanda gwamnatoci ke bin layi a ƙofarsa,

Bayan gaisuwa da fatan na'urorinku sun tashi lafiya. Ranka ya daɗe, ina wannan rubutu ne ina rawa a kan kujera, don 'yata Auta ta samu gurbi a makarantar nan da ba ta ɗaukar yaro sai makin kirkin uwarsa ya yi kore. Sai dai ina da 'yan koke-koke, ƙanana ƙwarai.

Na ɗaya. Tun da gwamnatinmu ta ga maƙwabta sun sayi ma'auninku ita ma ta sayo, makina yake ja, sai kwanan nan ya sauya. Laifina? Ina yawan kiran ƙanena makanike, wanda shi ma ja ne, kuma na taɓa rubuta "Allah ya isa" ranar da aka ɗauke wuta ina tsakiyar guga. Lissafi nake koyarwa, digiri biyu gare ni, amma na kasa gano yadda ake tara kirki.

Na biyu. Surukata, Hajiya, ta zo ganin likita ta sauka a gidanmu. Wayarta da tawa iri ɗaya ne, duk ɗanta ya sayo, mutumin da ba ya son a ce ya nuna bambanci. A wurin caji ta ɗauki tawa. Na ce mata tawa ce, ta ce in ba raini ba, yaushe na fara sanin kayanta fiye da ita? Ta naɗe ta a ƙyalle, ta cusa ƙarƙashin matashi, kamar yadda ta saba.

Na uku. Daga ranar wayata ta daina kiran kowa, ta daina fita, ta daina ra'ayi. Makina ya yi ta hawa har kuka aiko saƙo cewa ni abar koyi ce. Ranka ya daɗe, ashe mutumin kirki shi ne wanda aka naɗe a ƙyalle? Mai riƙe da wayar kuwa, ko mai gyaran famfo ya hango ta a tsakar gida sai ya tuna ya manta sifana. Ba ku ji faɗan ba, na sani. Ƙyallen mai kauri ne.

Na huɗu, kuma nan gizo ke saƙa. Ni da wayar Hajiya nake harkokina, har da kiran ƙanena, sai makinta ya koma ja. Jiya ta gama da likita, ɗanta ya kai ta tasha, na'urarku ta ce mai jan maki ba ya hawa mota. Suka dawo da akwati. Ta ce alhamdulillahi, dama ba ta gama koya mini shanya ba.

To ina zan sa kaina? In na ƙwato wayata, makina ya rikito, Auta ta rasa gurbi. In na bari, Hajiya ta zama 'yar gida. Roƙona kaɗan ne: ku ɗiga mata maki daidai na hawa mota. Zuwa kawai, ba sai da dawowa ba.

Na san wasiƙa irin wannan cin maki take yi, kuma sai yanzu na tuna da wayar wa nake rubuta ta. Bari in je in share mata wuri a kabad.

Taka mai biyayya, wadda ba ta da ra'ayi ko na anini,

Maman Auta,
malamar lissafi, koriya shar