Yadda Ake Yaƙar Ɓera da Madubin Ganin Dare Ba Tare da An Taɓa Tsintsiya Ba

Kai da ke karanta wannan, ka ga ɓeran nan, kada ka ce ba ka gan shi ba. Ya gifta ta gabanka a ƙofar imararku, benen hayar nan na unguwar Aziziyya a Jidda, ka ɗaga ƙafa ka ba shi hanya kamar surukinka, ka mai da ido kan waya. To, albishirinka. Ga hanyar da za ka ci gaba da kawar da kai, a kuma riƙa kiran ka jarumi. Ba ta taɓa ba da kunya ba. Muhandis Abdulƙahar, injiniya kuma shugaban mazauna wata imara, ya bi ta, har yau ana zancensa.

1. Jira sai an ga jini

Muddin buhun wani ne ɓera yake hudawa, ba matsalarka ba ce. Muhandis bai motsa ba sai da ɓera ya gwagwiyi babban yatsan ƙafar Hajiya Mastura, tsohuwar da ke hawa na ƙasa. Ciwon sukari gare ta, ƙafar ba ta ji, jini kawai ta gani a zanin gado. Likita ya naɗe, ya ce in aka kuma, sai an yanke yatsan.

2. Raina ƙaramin magani

Za a sami mai cewa a sa wa bola murfi, a toshe rami, a yi shara. Dube shi da tausayi. Mai digiri biyu ba ya yaƙi da tsintsiya. Muhandis madubin bindiga ya yi oda, mai ganin zafin jiki, irin wanda mafarauta ke hango dila da shi cikin duhu. Kai ma ka haddace mita nawa yake hange, awa nawa batirinsa ke yi. Duk wanda ya tambaye ka ɓera, ka ba shi amsa da mita.

3. Kada rashin bindiga ya karya maka gwiwa

Bindiga sai da lasisi, kai kuwa iƙama ce kaɗai a aljihunka. Ba komai. Muhandis cire sandar tsintsiyar gidan ya yi, ya ɗaure madubin a kanta. Masana sun ce ɓeran da aka gani sosai, rabinsa ya mutu.

4. Kar ka manta da ibada

Ragowar abinci ni'ima ce, ba a zuba ta a bola. Juye ta a gindin katanga saboda kuliyoyi da tantabaru, ka wuce da ladanka. Wanda ya riga su zuwa, wannan tsakaninsa da Allah.

5. Tara 'yan kallo

Bayan Isha, Muhandis ya yi sallama ɗakin Hajiya, maƙwabta na biye, domin tagarta ce ke kallon katangar. Ya buɗe tagar ya saita sanda. A Jidda kowane abu zafi gare shi, don haka bango ya haska, na'urorin sanyaya ɗaki suka haska, motar maƙwabci ma haka. Daga baya sai ga ƙananan farare suna kai da komo.

"Goma sha ɗaya!" in ji shi. "Hajiya, kin ga aikin ilimi?"

"Masha Allah, ya waladi. Nawa ka kashe?"

"Yanzu matakin tattara bayanai muke."

"Haza bayanai shi zai ci yatsana? Yalla, ba ni in gani."

Ta kafa ido, ta daɗe.

"Muhandis, wancan tulin da ya fi kowa haske, suka kewaye shi kamar walima, shi ne babansu?"

"Mai yiwuwa sheƙarsu ce."

Hajiya ta ajiye sandar, ta leƙa da kai, ta ja iska.

"Sheƙa da daddawa? Wallah, duk imarar nan gidanka kaɗai ake dafa-duka da daddawa. Ko hucewa ba ta yi ba."

Da hannunsa Muhandis ya juye ta a gindin katangar, kafin ya shigo.

6. In gaskiya ta haska, rage hasken

Akwai maɓallin yin haka a gefe. Ka ce na'urar tana bukatar saiti, ka kafa kwamiti, ka soma binciken sabon samfuri mai ɗaukar bidiyo.

"Halas, ya isa," in ji Hajiya. "Kwance madubinka, mai da wa tsintsiya sandarta."

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan, babu ruwana da abin da ya same shi. Ban san shi ba, ban aike shi ba, in an kira shaida ina Abhur, bakin teku, ina shan iska.

Amma naɗin yana nan a ƙafar Hajiya, katangar ma tana nan, kuma taku ba ta fi tasu tsafta ba. Rage awon shinkafarka. Abin da ya ragu, zuba a roba mai murfi ka miƙa wa mai ci. Toshe ramin nan yau, ba Juma'a ba. Ajiye wayar nan ka sauka ƙasa, tsintsiya tana bayan ƙofa.