Shekara Goma Sha Ɗaya Ban Ɗaga Mata Murya Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba a Garwa ba, kuma ko na so in manta, matata Rifkatu tana nan da ranta, ba za ta bari ba.

Lokacin watanmu biyar da zuwa Kamaru. Ikilisiyarmu ta gida ce ta turo ni in koyar da tauhidi a wata jami'ar Kirista da ke bayan gari, ba nisa da kogin Binuwai. Na iso da akwatunan littattafai, da ɗan Faransancin da na koya a gaggauce, da kuma girman kai (wannan ya fi akwatunan nauyi, amma a lokacin ban sani ba). Rifkatu ta ajiye aikinta na ungozoma a garinmu, ta biyo ni da 'ya'yanmu mata biyu, Talatu da ƙanwarta. Kafin wata uku yaran sun fara faɗa da juna da Fulatanci. Uwarsu kuwa gaisuwa kawai ta iya, daga "bonjur" sai "jam na", shi ke nan. In ta je kasuwa, da yatsa take ciniki. Ni ina aji ana ce mini "Misye Farfesa", ita tana gida daga ita sai zafin Garwa. Ban lura ba. Darasin da nake koyarwa kuwa sunansa Zaman Iyalin Kirista.

A ranar ne shugaban makarantar, wanda muke kira Rekta, zai zauna a ajina ya ga koyarwata, domin a san ko za a riƙe ni bayan shekarar gwaji. Na kwana uku ina rubuta laccar kalma-kalma, don Faransancina in ba takarda, gurgu ne. Da safe na duba tebur, babu takardun.

"Maman Talatu, ina takardun da na bari a nan?"

"Ban gan su ba, Baban Talatu."

"Ko dai kin hura gawayi da su?"

Ta ce ba ta taɓa su ba. Ni kuwa sai na buɗe murya. Na ce ni kaɗai ke wahala a gidan nan, ita takarda huɗu ma ta kasa tsarewa. Na faɗi wasu maganganun da har yau in na tuna sai in sunkuyar da kai. Tagar kicin a buɗe take, kuma bayanta ɗakunan ɗalibai masu iyali ne, amma ban damu ba. A zatona Hausa a makarantar nan kamar asiri take, ni da ita kaɗai. Ta ci gaba da yanka wa yara burodi. Na buga ƙofa na fita.

Ɗalibaina yawancinsu fastoci ne da masu bishara, wasu sun haife ni. Rekta ya zauna can baya da littafinsa. Na fara da ƙarfin hali, amma kafin minti goma sha biyar Faransancina ya ƙare kaf. Sai na faɗa mafakar duk malamin da bai shirya ba: na fara ba da misali da kaina. Na ce a gidana ana zaman lafiya. Na ga sun gyaɗa kai, sai na ƙara gishiri. Na ce shekara goma sha ɗaya da aurenmu, ban taɓa ɗaga wa matata murya ba. In saɓani ya taso, hannu muke riƙewa mu yi addu'a.

(Jama'a, rubutawa suke yi. Ina jin ƙarar biro a kan takarda.)

Mutum ɗaya ne bai rubuta ba: Baba Ayuba, wani dattijon mai bishara daga Banyo, mai furfura a gemu, wanda kullum ke zama a layin gaba. Silin kawai yake kallo.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Rifkatu ce, gumi sharkaf, ta tako cikin rana, takarduna a hannunta. Ta ce a hankali, "Ga su. A aljihun rigarka ta jiya suke, cikin kwandon wanki."

Da na karɓa na yi shiru, da na tsira. Amma sai na juya na ce wa aji da Faransanci, "Ga matar tawa da nake gaya muku." Aji ya ɗauki tafi. Ta tsaya tana duban su, ba ta san laifin da ta yi ba.

Nan Baba Ayuba ya miƙe, ya ɗan rusuna, ya buɗe baki da Hausa tsantsa kamar yau ya baro Kano.

"Sannu da zuwa, uwargida. Tafin nan naki ne. Malam ya gaya mana shekara goma sha ɗaya bai taɓa ɗaga miki murya ba."

Ashe cikin Hausawa 'yan kasuwar shanu ya tashi a Banyo. Ashe kuma ɗakinsa ne ke bayan kicin ɗinmu. Wata biyar yana gaishe ni da Faransanci, domin ni na kafa doka ranar farko cewa kada kowa ya yi mini wani yare.

Rifkatu ta dube ni. Na roƙe ta da ido. A lokacin aikina da mutuncina duk suna tafin hannunta, kuma na san ban cancanci rufin asiri ba. Ta gyara ɗankwalinta, ta ce, "Gaskiya ya faɗa, Baba. Da Faransanci dai bai taɓa ba."

Baba Ayuba, Allah ya saka masa, ya fassara da Faransanci. Aji ya fashe. Ya sake fassarawa da Fulatanci don na baya, aka sake fashewa. Rekta ya rufe fuska da hankici, kafaɗunsa na rawa.

Ba inda zan gudu. Na ajiye takardun, na ce, "Baba, tunda ka fara, ƙarasa aikin." Na yi magana da Hausa yana fassarawa. Na ce su soke abin da suka rubuta, ƙarya ce. Na faɗi abin da na yi da safen nan, ban rage ba. Sannan na juya na ce, "Maman Talatu, na yi miki laifi. Ki yafe mini."

Ta ce, "Sai ka dawo gida. Nan ba wurinsa ba ne."

Wannan ma dattijon nan sai da ya fassara.

Da na koma gida da azahar, ba maganar takardu ta yi ba. Ta ce wata biyar ba ta da wanda za ta yi hira da shi in ba ni ba, ni kuma in na shigo, littafi nake buɗewa. Ta yi kuka, ni ma ban fita da busasshen ido ba. Washegari matar Baba Ayuba ta zo ta ɗauke ta zuwa kasuwa, ta haɗa ta da matan Hausawa masu sayar da atamfa. Ba a daɗe ba matan ɗalibai suka gano ungozoma ce, gidanmu ya zama ba ya rabuwa da baƙi.

Rekta kuwa ya kira ni ofis, ya ce Faransancina na buƙatar magani, amma malamin da zai iya cewa a soke maganarsa, za su iya zama da shi. Shekara tara muka yi a Garwa.

Daga ranar, in zan ba da misalin mutumin kirki a aji, sai in ɗauko wanda ya mutu shekara dubu da suka wuce. Shi dai matarsa ba za ta shigo ba.