Wayar da Ba Ta Lalace Ba

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin bikin Mutari ba. Ko da na so in manta, ƴan unguwarmu a Arlit ba za su bar ni ba.

Lokacin ina cikin zazzaɓin haɗa kiɗa. Na samu wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da aka shigo da ita daga Aljeriya (batirinta ya mutu tun a hanya, sai an jona ta da kuran, wato wutar lantarki, take numfashi), nakan wuni ina kallon bidiyo a waya ina kwaikwayo. Can na koyi dabaru biyu. Ta farko masu sana'ar suna ce mata get: sauti yana tafiya, kai kuma ka sa masa ƙofa tana buɗewa tana rufewa daidai da bugun ganga, sai ka ji shi yana fitowa gutsi-gutsi. Ta biyu kuwa, ka yanko gaɓa ɗaya daga kalma ka jera ta sau da yawa da sauri kafin ka saki sauran. Wallahi ranar da na iya su, ji na yi kamar ni na ƙirƙiro kiɗa. Duk abin da na samu sai na daddatsa shi, har kukan akuyar maƙwabta bai tsira ba.

Mutari abokina ne tun muna ƴan makaranta a lekol, direban kar ne, wato bas ɗin da ke kai ma'aikata mahaƙar ma'adinai. Da aurensa ya taso ya ce in yi masa waƙar biki, irin wadda ake ambaton sunayen dangi ɗaya bayan ɗaya. Shi ne aikina na farko da jama'a za su ji. Na riga na gama lissafi a raina: in ta yi daɗi, duk bikin da za a yi daga nan har Akokan, garin da ke maƙwabtaka da mu, ni za a nema.

Cikin sunayen akwai mahaifinsa, Alhaji Idi, wanda ke zaune a Tawa, ban taɓa ganinsa ba. Na ce to, babban mutum ai shi ya cancanci babban ado. Duk fasahar da na koya sai na juye ta a kan sunansa. Mutari ya yi ta roƙo in ba shi ya saurara, na ce, "Kai dai bari sai ranar, za ka sha mamaki." (Ya kuwa sha.)

Ranar biki aka kafa rumfa, dattawa a gefe guda, mata a gefe guda. Kayan sautin na Kawu Hamidu ne, ƙanen mahaifiyata, tsohon mai gyaran kuran a mahaƙa. Waƙa ta fara, mata suka miƙe, kowace ta ji sunanta sai guɗa. Ni kuwa ina bayan ordinatar ina hura hanci. Sai ga wurin da nake jira:

"A-A-A-Alhaji I-I-I-Idi, ba-ba-ba-baban ango!"

Na lumshe ido ina gyaɗa kai. Da na buɗe, rawa ta tsaya cak. Wata ta rufe baki da mayafi. Dattawa duk sun sunkuyar da kai suna kallon tabarma. Da farko na ɗauka daɗi ne ya kashe musu jiki. Daga baya na ce ko ƙofar ce na matse da yawa? Ko gangar ce ta danne muryar?

Kawu Hamidu ya zabura ya kai wa bafur ɗin lasifika mari, ya fizge wayar da ta haɗa shi da ordinatar, sauti ya ɗauke. "Wayar nan ce!" in ji shi da ƙarfi. "Tun safe take mini wannan iskanci." Nan take wuri ya saki. Wani dattijo ya ce, "Ai zafin garin nan ba abin da ba ya narkarwa." Kawu ya matso ya taka mini ƙafa, yana ƙifta mini ido.

Ni kuwa raina ya ɓaci. Aikin da na sha wahalarsa ne za a ce lalacewar waya? Kuma me ya shiga idon Kawu? Na mayar da waya, na ɗauki mikro.

"Jama'a, ba waya ba ce! Da gangan na yi. Wurin nan saboda Alhaji kaɗai na zauna na tsara shi. Bari in maimaita ku ji da kyau."

Na kuwa maimaita. Har na ƙara sauti.

Mutari ya ɗora hannu biyu a ka. Gwaggon amarya ta ce, "Innalillahi!" Sai wani dogon dattijo mai farar riga ya miƙe a hankali, ya nuna ni da carbi.

"Wa-wa-wa-wane ne ya-yaron ga?"

Ku yarda da ni, ordinatar na fara dubawa, na ɗauka ban kashe ta ba. Sai da na ga a kashe take, sannan abin ya sauko mini tun daga ka har ƙafa. Alhaji Idi yana da in'ina. Kowa a rumfar nan ya sani, ban da ni, kuma yanzun nan na shaida wa duniya da mikro cewa saboda shi na yi. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Washegari da safe Kawu ya tasa ni gaba zuwa masaukin Alhaji. Na durƙusa ina rantse-rantse, ina bayanin get da yankan gaɓa, ni kaina ban san me nake faɗa ba. Alhaji ya bar ni na gama. Sannan ya ce, yana tsayawa inda harshe ya tsayar da shi:

"Ɗa-ɗana, tun ina yaro nike fa-fama in rabu da abin ga. Kai kuma ka zamna ka ko-koya ma inji shi?"

Ya yi dariya har da share hawaye, ya ce ya yafe. Mutari ne ya yi wata guda yana wuce ni da kar ko oda babu. Bukukuwan Akokan kuwa har yau ina jira.

Ban bar kiɗa ba. Amma yanzu kafin in taɓa sunan kowa, sai na je na gaishe shi na ji amsarsa da kunnena. Kuma duk ranar da babba ya taka mini ƙafa ya ce waya ce ta lalace, to wallahi waya ce.