Jarkokin Mukhtaru a Kan Rufina

"Ya ustaz, duk Makka, daga Kudai har Mina, babu wanda ya san inabi kamar ni. Rufe min ido ka ba ni ƙwaya ɗaya, in gaya maka sunanta da na kakarta."

Mai wannan cika bakin shi ne Mukhtaru, mijin ƙanwata. Ni kuwa Wada nake, tsohon malamin makaranta. Rabin magidantan unguwar Ka'akiyya sun bi ta ajina, kuma ban taɓa barin kuskure ya wuce ba a gyara shi ba. Zauna, ɗan'uwa, ka ji abin da aka yi wa sunana.

Lokacin aikin Hajji, Mukhtaru jagoran alhazai ne a Mina. Sauran watanni kuma masani ne a kan duk abin da wayarsa ta nuna masa jiya. Bara raƙuma ne, bana inabi. Ya ci karo da bidiyon wani yanki na Turai: tuddai cike da kuringar inabi, ganguna jere a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wasu dattawa suna shinshina kofi suna lumshe ido. Ko kalma ɗaya ta yarensu ba ya ji, amma ya haddace sunaye: Kabarne, Marlo, Shiraz, Shardone.

A lokacin ɗana Hisham yana neman Jawahir, 'yar Alhaji Datti, mutumin da ya binciki gidanmu har kakanni kafin ya amsa sallamarmu. An shirya zai zo da 'yan'uwansa su ci abinci a gidana a tsayar da ranar milka, wato ɗaurin aure.

"Bar min abin sha," in ji Mukhtaru. "Ba za a ba surukai lemon baƙala, na shagon unguwa, ba. Asir zan yi, ruwan inabi irin na manya, kala huɗu. Ara min ɗakin kan rufinka kawai."

Na ce, "Ya Mukhtaru, mu dai mun san ruwan inabi da na zabibi ba sa jure ajiya."

"Wannan na talakawa ne, ustaz. Shi na kwali da ke kanti wata nawa yake yi? Sirrin a rufewa yake. In iska ba ta shiga ba, khalas, shi ke nan."

Ya tafi kasuwar kayan lambu ya lodo akwatunan inabin garin Ɗa'if. Baƙi ya raɗa masa Kabarne, ja ya zama Marlo, kore Shardone. Wanda ya fara laushi kuma ya ce shi ne Shiraz. Sai ga shi ya naɗe wando ya shiga baho yana tattakawa.

Matata Zubaidatu ta leƙo. "Subhanallahi! Da ƙafa? Ga injin markaɗe a kicin!"

"Yaya, haka masu abin suke yi. Ƙafar ce ke fitar da ɗanɗano."

"Taka ƙafar da ta zagaye Mina da silifa?"

Ya ɗura a jarkoki, ya ɗaure bakinsu tam, ya lulluɓe da bargo, wai Turawa a duhu suke ajiyewa. Bargo, ɗan'uwa! A kan rufi! A zafin Makka!

Ba a jima ba jarkokin suka yi ciki kamar sun ƙoshi da naman layya. Na kira shi. Ya dafa ɗaya ya ce, "Numfashi take yi." Sai wari ya fara saukowa ta matakala. Ya ja hanci ya lumshe ido irin na dattawan bidiyo, ya ce, "Marlo ta fara magana." Tattabarun da suka ci ɓawon da ya zubar a kusurwa kuwa, na ga ɗaya da idona ta nufi katanga ta kuskure ta. Mukhtaru ya ce ƙiba ce ta yi musu yawa.

Ranar ta zo. Bayan la'asar falona ya cika da fararen riguna, ga limamin unguwa, ga Alhaji Datti a tsakiya. Mukhtaru Sarkin Inabi ya shigo rungume da jarka, tawul a kafaɗa.

"Ya jama'a, za mu fara da Kabarne. Mai nauyi ce, tana tafiya da nama. A fara shinshinawa, kada a yi gaggawa."

Ya murɗa marfi. Ji kake fuuu! Marfin ya daki fanka, Kabarne ta yi tsiri har silin, ta dawo kan Alhaji Datti tun daga rawani har safa.

Warin ya cika ko'ina, kowa ya gane, amma wa zai fara faɗa? Duk wanda ya ambaci sunan abin, za a tambaye shi inda ya san shi. Liman ya dubi silin. Wani ƙanen Alhaji ya ce, "Kamar... kamar kunu ya kwana." Wani ya ce, "Ni mura nake yi."

"Haka asalin take!" in ji Mukhtaru. "Ku duba da kanku." Ya zaro waya ya kunna bidiyon.

Hisham, da ya yi Turanci a jami'a, ya karanta rubutun da ke ƙasa. Fuskarsa ta canja. "Ya ammi," ya ce wa kawun nasa, "wannan ai masana'antar giya ce."

Da Allah ya taimake mu, ko ɗigo babu wanda ya kai baki. Alhaji Datti ya miƙe yana ɗiga, ya dube ni, ni Wada, ya ce, "Ustaz, a kan rufinka?" Ya fita. Kafin magariba yaran da na koya wa alwala suna nuna gidana da baki.

Na je na sami Mukhtaru na ce sharaɗina biyu ne, kuma ba na ragi. Ya kwashe jarkokinsa ya tuttular a magudana da rana tsaka, kowa yana gani. Sannan ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce aikinsa ne shi kaɗai. Na farkon ya yi, yana toshe hanci yana cewa asarar Shiraz ce ta fi yi masa ciwo. Na biyun kuwa, da ya tashi sai ya ce, "Jama'a, ni na yi, kuma ku shaida ya yi daidai da na Turawa tun a gwajin farko." Wannan ba ban haƙuri ba ne, kuma ina nan ina jiran na gaskiya.

Amma ya wanke ni a wurin Alhaji Datti, wanda ya ce mai irin wannan wautar ba zai iya shirya mugunta ba. Aka sa ranar milka, da sharaɗin Mukhtaru ba zai taɓa komai ba sai ruwan gora mai hatimi.

Ranar ina zaune na jiyo muryar Mukhtaru a bayan baƙi: "Shi ruwa iri uku ne, ya jama'a. Akwai mai nauyi, akwai..."

Alhaji Datti ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Hisham, karɓe gorar nan daga hannun kawunka, kafin ya lulluɓa mata bargo."