Iskar da Ta Shiga a Karkace

"Na ce ka cire min su."

"Kai ka yarda aka sa, yanzu kuma a cire? Malam, ni faci nake yi, ba wasan yara ba."

Wani ne fa, shi da mai facin da ke jikin shagon ɗinkin yayata. Mutumin ƙato ne, hannu kamar faranti, amma muryar siririya, in yana faɗa sai ka rantse ƙofa ce ke neman mai. Ya samu aikin kai ƙwai shaguna a babur ɗinsa, ranar ce ma zai fara, kuma mai gidan kajin ta gaya masa tun a bakin ƙofa cewa wanda ya gabace shi kiret ɗaya ya fasa ta sallame shi.

Asalin maganar, bawul ɗin tayoyinsa, wato bakin da ake zuba iska, miƙaƙƙu ne, a maƙale tsakanin wayoyin taya da birki. Duk sanda zai sa iska sai ya kwanta rub da ciki, ya cusa hannun nan, ya zaro shi duk ƙujewa. Mai faci ya tausaya masa, ya canza masa da masu lanƙwasa, waɗanda bakinsu ke leƙowa gefe, ka jona tiyo kana tsugune abinka. Mutumin ya tafi yana ta sa albarka. Bai kai kwanar layi ba ya dawo.

Wai babur na janye shi dama. Mai faci ya hau, ya zaga, ya dawo har da sakin hannu. Mutumin ya ce ai mai faci ba zai ji ba, tunda babur bai saba da shi ba. Ya tsuguna yana zane a ƙasa da yatsa, a hankali, kamar mai koyar da karatu: bawul na gaba dama yake kallo, na baya dama yake kallo, iska ta dama ta shiga a karkace, to ina kuma za ta tura mutum?

"Malam, iska ba ta da ƙashi. Tana shiga take bajewa."

"To in ba ta da ƙashi, wa zai miƙar da ita?"

Don a zauna lafiya mai faci ya kwance tayar baya, ya juya bawul ɗinta ya kalli hagu, ya ce shi ke nan an raba, wannan na ja wancan na ja, sai ya bi ta tsakiya. Mutumin ya jinjina kai, ya ce yanzu ya ji magana.

Can sai ga shi yana turo babur da hannu, gumi har gwiwa. Wai yana cikin tafiya ya tuna: gaba na son dama, baya na son hagu, shi kuma yana zaune daidai inda za a rabu. Yayata sai da ta tsayar da keken ɗinki ta cire allura daga bakinta kada ta haɗiye. Mai faci ya mayar da bawul inda yake, ya ce in ya sake ganinsa yau zai rufe shago ya koma noma.

Ya sake ganinsa. Wannan karon da kiret-kiret na ƙwai an ɗaure a baya, sun fi kansa tsawo, tayar baya ta lotsa saboda nauyi. Mai kajin ce ta ce ya tsaya ya ƙara iska, ita kuma tana biye da shi a ƙafa, don hankalinta bai kwanta da shi ba.

Mai faci ya juya baya yana jan igiyar injin iska. Mutumin ya tsaya yana kallon bawul. Ya karkata kai. Ya ƙara karkatawa, har kunnensa ya taɓa kafaɗa. Sai na ga fuskarsa ta washe, don daga can bawul ɗin tsaye yake cak.

Ya kama kan babur da hannu biyu, ya kwantar da shi ta hagu, a hankali, da ladabi, kamar mai shimfiɗe jariri. Ƙwas. Ƙwas-ƙwas. Ƙwararas.

"Yawwa, maigida, zuba yanzu. Ga shi a miƙe."

Mai faci ya waiwayo da tiyo a hannu, ƙwai na gangarowa ta ƙarƙashin silifas ɗinsa. Daidai nan mai kajin ta ƙaraso. Ta ɗage bakin zanenta, ta dubi ƙasa, ta dubi mutumin, ta tambaye shi a sanyaye me ƙwanta suka yi masa.

"Ranki ya daɗe, ki gode Allah. Da ban kwantar da shi ba, ai da a hanya za su fashe."