Kamu Huɗu na Zulaihat

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Malam Attahiru Dogo na Tambuwal, tsohon malamin lissafi, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta mutuwar ƙaramar taraktarsa, Auta. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a tsakiyar fadamarsa da ke hanyar Kebbe, tana jan abin da ya fi ƙarfinta.

Shekararta shida a gidan. Ba ta taɓa ƙin tashi ba. Tari biyu take yi, kuhul-kuhul, sai ta kama tut-tut-tut ɗinta har azahar. Ba ta shan mai fiye da haƙƙinta, kuma ta yi noma a gonakin mutanen da har yau ba su koyi godiya ba. Marigayiya matarsa, Zulaihat, ita ta raɗa mata suna, don ta zo bayan 'ya'ya sun watse.

Ciwon ajalinta ya samo asali tun ranar da aka kawo ta. Malam ya ce zai sa a ƙera mata akwatin ƙarfe, irin wanda ake ɗaurawa a baya ya kankare tudu ya cike kwari, don ruwan shinkafa ya kwanta daidai. Zulaihat, wadda ta tsufa tana sayar da yadi ba ta taɓa riƙe tef ba, ta durƙusa bayan tayoyin ta auna da hannunta, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Ta ce kamu huɗu, ya rufe sawun taya kawai, kada a ƙara. Malam yana karanta littafin da ya zo da motar. Bai ɗaga kai ba, ya ce ƙarfe ba atamfa ba ne.

Ba a ƙera akwatin ba sai bayan an kai Zulaihat makwancinta. Malam ya je wurin Ɗanmaliki mai walda, ya bar littafin a gida, ya ce yau maganar matarsa za a bi. Ya dafa ƙarfe ya auna kamu huɗu cif. Da hannunsa. Kuma ba banza ake ce masa Dogo ba.

Rani biyu Auta tana jan wannan akwati. Tayoyin gabanta suna ɗagawa, hayaƙinta ya yi baƙi, tarinta ya koma irin wani tari da Malam ya taɓa ji a ɗakin Zulaihat. Ya ce tsufa ne, kamar yadda wancan karon ya ce mura ce. Da makanike Ɗangiwa ya zo kan gawa, ya ja tef, ya ga akwatin ya zarce tayoyi da taki guda kowane gefe. Ya tambaya kamun wa aka auna.

Marigayiya Auta ta bar garma ɗaya, tirela mai ciwon taya, jarkoki biyu, da akwatin, wanda yake nan lafiya lau kamar yadda masu laifi suka saba. Ta kuma bar Malam, wanda kullum da hantsi yake jin tut-tut-tut daga rumfa, ya fita ya tarar da kaji kawai.

'Yan gwangwan za su ɗauke ta ranar Asabar bayan la'asar. Babu zaman makoki. Masu cewa sun gani tuntuni amma sun yi shiru, su ci gaba da shirun a gidajensu. Ba za a sayar da akwatin ba. Ɗanmaliki ya ce zai rage shi da tef cikin awa guda, Malam ya ce a bar shi. Ba lambar tef ce ta ɓace masa ba. Shekara talatin da huɗu hannun Zulaihat yana miƙo masa tuwo, bai taɓa cewa: Zulai, tsaya, miƙo hannunki in gani.